Kifin da Na Zuba a Kular Ummanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa ka shiga Manchester da ƙafar dama, ya tsare ka a ɗakinka da wurin aikinka da hanyar da ke tsakaninsu, ya haɗa ka da mutanen kirki. Ummanka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko bargon ya isa. Ƙanwarka Hafsa ma tana gaisuwa, kuma ka sani ta kwashe kayanta ta koma ɗakinka tun gadon bai huce ba.

Kar ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Ka san halina. In na buɗe baki zan faɗa maka magana mai daɗi, kafin in kai ƙarshe ta rikiɗe ta koma faɗa. Da Hausa na rubuta kuma da gangan. Inda ta fi ƙarfinka ka kira Ummanka ta warware maka, don babu abin da ke ciki wanda ba ta sani ba.

Shekara biyar muna gida ɗaya a unguwar Small Heath ta Birmingham, kana gaishe ni safe da yamma, ba ka taɓa yi mini rashin kunya ba, amma hira ta mutu a tsakaninmu. Ni na kashe ta, kuma na san ranar. Babu abin da na fi tsoro kamar ka tafi wani gari da wannan abu a ranka, har gaisuwar ma ta koma ta ranar Sallah. Yau dai alhamdu lillahi hankalina ya kwanta fiye da kowane lokaci a shekarun nan, shi ya sa nake iya jero maka wautata ba tare da na kare kaina ba. Kuma duk a kan ƙananan kifi ne, ni da nake ɗan masunci.

Ta farko ta faru tun ina yaro. Kakanka, wanda ka ci sunansa har muke sakaya ka da Abba, masunci ne a ƙauyenmu da ke fadamar Haɗejiya. A kan gora yake su, ya kifa cikinsa a kai yana iyo, koma a hannu. Ni kuwa aka kai ni makarantar kwana, na dawo hutun farko da farin takalmi da Turancin da bai fi cikin cokali ba. Wata rana ya fito daga ruwa, ya juye kamunsa a kan ciyawa, ya ce in ware. Na tsince manyan tarwaɗa da bargi na sa a kwando. 'Yan karfasa da kawara waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, na ture su gefe da ƙafa, da farin takalmin nan.

Ya dube ni, ya dubi takalmin, ya ce, "Ɗan boko, waɗannan fa?"

Na ce, "Baba, ai ƙaya ce zalla. Wa zai ci wannan?"

Ya ce, "Kai."

Ya durƙusa ya tsince su da kansa. Kakarka ce ta yi mini bayani a gida, tana ferɗe su da 'yar wuƙarta. Manyan nan da na ware da hannu biyu, kasuwa za su, ba ɗaya da ke shiga tukunyarmu sai in an yi baƙo. Ƙananan su ne namu. Ta shanya su a kan zana, ta daka da barkono da daddawa. Yajin nan da nake tafiya da shi makaranta a gwangwani, wanda nake barbaɗa wa wake har 'yan ajinmu suna bina suna roƙon ɗan kaɗan, ashe su ne a ciki. Kunya ta hana ni cin tuwo a ranar.

Saboda haka in wani ya tambaye ka ko ƙaramin kifi ya isa a ajiye a ci, ka ce masa shi ya raini ubanka har ya kai jami'a. Kuma kafin ka ture wani abu da ƙafa, Abba, ka tsaya ka tambayi wa ke ci da shi. Za ka zauna da mutane iri-iri a gidan hayar nan, za ka buɗe firji ka ga abincin da ba ka san sunansa ba. Kar ka yatsine fuska. Wata uwa ce ta ƙulla wa ɗanta shi.

To matsalata ita ce na koyi darasin nan har na wuce gona da iri. Tun daga ranar, duk wanda ya kama kifi bai ci ba, a idona butulu ne. Da wannan ra'ayi na hau jirgi na zo karatu Birmingham, da shi na zauna, kuma shi ya kai ni ga wauta ta biyu, wadda ita ce babba.

Kana shekara goma sha uku Mista Teri, tsohon Baturen nan na bayan layinmu, ya fara tafiya da kai kamun kifi a kanal, hanyar ruwan nan da aka haƙa a cikin gari, tare da jikansa. Ina tuna ranar farko. Ka dawo hannu rabbana, bakinka har kunne, ka ce ka kama goma sha ɗaya. Na ce ina suke? Ka ce ka mayar da su ruwa. Na yi dariya har da tari. Na ce yanzu mutum da hankalinsa ya zauna cikin sanyi tun safe, ya sayi tsutsa, ya kama kifi, ya ɗauke shi hoto, sannan ya ce masa sai an jima? Shekara uku ina yi maka wannan tsiyar. Kai kuwa ba ka fasa ba. Ka shiga kulob ɗinsu, ka yanki lasisi, ka iya ɗaura ƙugiyar da ni idona ba ya ko ganinta. Ban taɓa zama na kalli yadda kake yi ba.

Sai ranar gasar matasa, kana shekara goma sha shida. Ka san abin da ya faru, amma ba ka san abin da ke cikin kaina ba, don haka bari in faɗa. Ummanka ta yi dafa-duka ta zuba a kula ta ce in kai maka. Na same ka a bakin ruwan nan mai launin shayi, ka ci ka ƙoshi, kula ta zama wayam. Ka nuna mini doguwar ragar da ke cikin ruwa a gabanka, ka ce a nan kifin ke zama da ransa har a tashi, a auna na kowa, a sake su. Na ce to, amma kunnena kawai ya ji. Da aka kusa tashi ka miƙe ka tafi kewayawa can wajen gada, ka ce in duba maka kaya.

Na ɗaga ragar don in gani kawai. Wayyo Abba! Cike take. Ga masu zane-zane da ƙaya a gadon baya, waɗanda kuke ce wa perch, sak karfasar gida. Ga farare masu jan ido kamar kawara. Wallahi a tsaye nake amma ƙamshin man gyaɗa nake ji a hancina. Na ce a raina, duk wannan arzikin a mayar ruwa? In na ɗebi kaɗan wa zai sani, wa ke ƙirga kifi? Na buɗe kular Ummanka na cika ta, na rufe, na ajiye kusa da akwatin da kake zama a kai.

Abin da ɗan masunci ya manta shi ne kifi ba ya mutuwa shiru. Mai awo ya iso da sikelinsa, mutane biye da shi, kai ma ka dawo, sai kula ta fara ƙwanƙwasa kanta. Ya sunkuya ya buɗe. Ya ce, "Na wane ne wannan?" Kai yake kallo. Ka waiwayo ka dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na dubi ruwa.

A lokacin takardunmu na zaman dindindin suna ofis ana dubawa, kuma an sha gaya mini ko ƙaramin laifi ya shiga littafin 'yan sanda zai iya ɓata komai. Na ji wani a baya ya ce wannan ai sata ce. Na ji wani ya ambaci 'yan sanda. Ina jira ne in ga ko ƙasa za ta tsage, sai na ji muryarka ka ce, "Nawa ne." Aka soke kamunka, aka ce ka bar kulob. Ko ɗan sanda ɗaya bai zo ba. Aka juye masu rai a ruwa, guda bakwai sun riga sun mutu, Mista Teri ya miƙo mini kular da su a ciki bai ko dube ni ba.

Mai hankali da a mota zai ce ɗana ka yafe mini. Ni da muka isa gida sai na ɗora kasko. Na ce tunda sun mutu zubarwa almubazzaranci ne. Na soya na ajiye a gabanka, ka ƙi ci, sai na hau ka da faɗa. Na ce ka zama Bature. Na ce a gidanmu tun kaka da kakanni ba a taɓa mayar da kifi ruwa ba. Ka tashi ka hau sama. Na zauna na cinye bakwai ɗin nan ni kaɗai, suna ƙarnin taɓo da man inji, ina cewa kai, akwai daɗi. Ummanka tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ba kifi kake ci ba, girman kai kake ci, shi ya sa yake maƙale maka a wuya." Kwana biyu cikina yana ɗaukar mata fansa.

Takardun sun fito bayan wata huɗu. Na riƙe su a hannu ban ji daɗin da na zata ba, don a ranar sandunanka na kamun kifi suna ɗakin shirgi sun fara yin ƙura.

Ga abin da nake so ka ɗauka a nan. Kowane ruwa da mai shi da dokarsa, ka tambaya kafin ka tsoma hannu. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura, ni kuwa na zo garin mutane ina yi wa jelarsu dariya. Kifin kanal ba na tukunya ba ne, cikina shaida ne. Amma wannan ƙarami ne. Babban shi ne, in ka yi ɓarna a wurin aiki ko a gida, ka riga kowa faɗa, tun ba a tambaya ba. Kar ka taɓa tsayawa kana kallon ruwa alhali wanda bai kai ka ba yana ɗaukar laifinka. Abin da nake tsoro a ranar, ko da ya faru, da mun san yadda za mu yi da shi. Abin da na yi maka kuwa, shekara biyar na rasa yadda zan yi da shi.

Wauta ta uku ba ka san da ita ba. Na yi wa mamaci ƙarya. Da azumin bana ina waya da Gwaggonka Talatu, yayata da ke gida, ina kai mata ƙararka, wai yaron nan ba ya hira da ni. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, me ka yi masa? Na ba ta labarin, na gyara inda zan gyara, na rufe da cewa ai ke ma kin sani a gidanmu ba a mayar da kifi ruwa.

Ta ce, "Kai Sule, ji tsoron Allah, da azumi a bakinka! Baban ne ba ya mayar da kifi?"

Na ce, "Yaya, ni dai ban taɓa gani ba."

Ta ce, "Ina za ka gani kana can kana goge farin takalmi? Ni nake bin sa bakin ruwa. Farkon cikar ruwa in ya kama mai ƙwai, sakinta yake, ya ce je ki haifo mana na baɗi. Wanda bai kai faɗin yatsa uku ba ya jefa shi. Koma mai ƙananan ido ma hana ta ya yi a gidanmu. Yaro ya gaji kakansa, kai ne ka fita zakka."

Na ce kamar layin ba kyau. Ta ce layi lafiyarsa lau.

Ka ga, hutu uku ko huɗu na bi kakanka ruwa, dukansu a lokacin rani, na ɗauki abin da na gani na mayar da shi dokar zuri'a na maka maka a kai. Don Allah in gardama ta haɗa ka da wani, kar ka jawo iyaye da kakanni ko addini don ka rufe masa baki, sai ka tabbata haka abin yake. Ka tambayi wanda ya fi ka zama a wurin. Mu muna da Gwaggo, kuma ba ta ragawa kowa.

Bayan Sallah na yi mako uku ina tara ƙarfin hali, sannan na tafi neman Mista Teri. Na same shi a bakin kanal a kan akwatinsa, ya tsufa sosai, har da sandar dogarawa a gefe. Na yi masa sallama irin tasu, na tattaro Turancina mafi kyau, na ce ranar nan ni na ɗebi kifin, ba ɗana ba. Bai ɗauke ido daga ruwa ba. Ya ce, "Na sani. Yaron da na koya wa shekara uku ba zai sa kifi a tukunyar shinkafa ba. Duk wanda ke wurin ya sani."

Ashe kifi na ganinka mai jar koma. Na ce to me ya sa kuka kore shi?

Ya ce, "Shi ya ce nasa ne. Mun jira ka yi magana ba ka yi ba. Ba za mu ƙaryata yaro a gaban ubansa ba." Sannan ya ce, "Ya fi kowa iyawa a cikinsu, ka sani?"

Ban sani ba, Abba. Ban taɓa tambaya ba. Ya ce in gaya maka wurinka na nan duk ranar da ka so, kuma Manchester ma ruwa ne ko'ina, kar ka bar sandunanka su ruɓe. Dalilin da ya sa ka gan su a but ɗin mota ƙarƙashin bargo ke nan, ranar da muka kai ka. Ni na goge su.

Ka tuna yadda na kwafsa a ƙofar gidan naku. Tun daga Birmingham nake shirya magana a raina, da muka gama sauke kaya sai duk ta gudu. Na ce, "Abba, maganar kanal ɗin nan, ni ne." Ka ce, "Na sani Baba, ai ina wurin." Na ce ka yafe mini. Ka ce, "It's fine, Dad," ka ɗauki sandunan ka shige. Duk hanyar dawowa ina tambayar Ummanka me kake nufi. Ta ce yaran ƙasar nan in sun faɗi haka, yana iya zama an yafe, yana iya zama rabu da ni, in kalli titi kawai. Kwana uku ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Sai jiya bayan la'asar ina wurin aiki waya ta yi ƙara. Hoto ne daga gare ka: leda cike da ƙananan kifin teku, waɗanda masu kifi a kasuwa ke ce wa sprats, ba wanda ya wuce tsawon yatsa. A ƙasa ka rubuta, da Hausa kuma, "Baba yaya ake yin wannan? Ana cire kan?" Shekara biyar ba ka ci kifin da na dafa ba, ba ka tambaye ni komai ba sai inda makullin mota yake. Na zauna a kan kujera na yi kuka, wallahi, har abokiyar aikina ta zo tana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na nuna mata hoton kifi. Har yanzu tana kallona wani iri.

"Kar ka cire" kawai na iya rubuta maka. Na san kafin takardar nan ta iso ka riga ka cinye ko ka ƙona, amma ga yadda ake yi don gaba. Ka wanke su, ka matse cikin da babban yatsa ya fita. Ka sa gishiri da lemun tsami da ɗan citta da tafarnuwa da barkono, ka bar su su tsane sosai, don in da ruwa a jikinsu mai zai yi maka tsalle. Ka ɗan birkiɗa su a fulawa. Mai ya yi zafi, kuma kar ka cika kasko, kaɗan-kaɗan. In sun daina kuka a cikin mai sun yi ja, ka kwashe. Ana ci da kan da ƙayar da komai, da albasa da yajin da Ummanka ta sa maka a jaka. Ka buɗe taga tun kafin ka fara, in ba haka ba ƙararrawar hayaƙi za ta tara maka maƙwabta. Kuma ka zuba wa abokan zamanka, ko sun ce sun ƙoshi.

Allah ya yi maka albarka, Abba. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum, ya sa aikin nan ya zama alheri gare ka, ya dawo mana da kai lafiya duk lokacin da ka taso. Ka riƙe sallah, ka riƙa kiran Ummanka.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka zo hutu, ka taho da sandunan ka kai ni kanal. Na yanki lasisi shekaranjiya. Zan zauna in yi shiru, ka nuna mini yadda ake zare ƙugiya ba a yaga bakin kifi ba, da yadda ake riƙe shi a ruwa har ya tafi da kansa. Ka yi haƙuri da ni in hannuna ya ƙi buɗewa da farko, ban taɓa yi ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sulaiman